Hankici Tamanin, Zare Ɗaya

"Hankici ai buhu ne da bai girma ba," in ji mijin yayata. "Mutumin da ya ɗinke buhu miliyan, hankici tamanin ne zai gagare shi? Kafin shayin nan ya huce na gama."

Ranar Laraba ce da la'asar. Na taso daga aiki na biyo gidansu, ko jakata ban ajiye ba.

Mijin Yaya ya yi shekara ashirin da takwas yana ɗinke bakin buhu a kamfanin abincin kaji. Da ya yi ritaya suka bar masa tsohon injin da yake aiki da shi, wani ƙarfe mai mariƙi kamar dutsen guga, da allura mai kaurin ƙusa. A faɗarsa buhu miliyan ɗaya da 'yan kai ya ɗinke, kuma ba a shan ruwa a gidansa ba a ji wannan labari ba. Shi ya sa kowa a benen da suke zaune yake kiransa Miliyan. Yana amsawa kuwa, har da gyara zaman hula.

Ita Yaya ɗinki da saƙa take yi a gida, a kan tsohon keke mai taka ƙafa da ke kusurwar falo. Ta daɗe tana fatan aiki tsayayye, ba yau gyaran zip gobe rage siket ba. Sai ga shi shugabar makarantar ƙananan yara ta unguwarsu ta gaji da tishu, wanda yara ke cusawa a bututun bayan gida har ya toshe sau uku a zango ɗaya. Ta yanke shawara kowane yaro zai riƙa zuwa da hankicin yadi, a maƙala masa a riga, a wanke, a sake amfani da shi. Ta ce Yaya ta kawo ɗari da ashirin ranar Asabar wurin taron iyaye. In aikin ya yi kyau, ɗinkin kayan makarantar gaba ɗaya ya zama nata. In bai yi ba, akwai Tela na bakin titi da ya daɗe yana zarya ofishinta.

Yaya ta gama arba'in, kowanne ta kalmashe bakinsa sau biyu, ta bi gefensa da siririyar saƙar kwarashi. Sai aka bugo waya da safiyar Laraba cewa babbar 'yarta ta haihu a garin da take aure. Ta bar yadin sauran tamanin a kan tebur, ta kira ni ta ce in riƙa biyowa in na tashi daga aiki in kalmashe su a kekenta, ko da babu saƙa. Ita za ta dawo Asabar da safe, ta wuce makarantar kai tsaye daga tasha. Da za ta fita ta ce wa mijinta, "Malam, don girman Allah kada a taɓa mini komai a kan teburin nan." Ya ce, "Ni? Ina ruwana da tsumman majina?"

Motarta ba ta bar gari ba ya taɓa.

Yadin nan fari mai laushi da Yaya ta wanke ta goge, shi ya ninka gida takwas, ya danne da gwiwa, ya bi shi da wuƙar yanka zaren buhu. Na ɗaga ƙyalle ɗaya na duba. Kusurwa biyar gare shi.

"Miliyan, ina tef ɗin awo da alli? Nan Yaya ta bar su."

"Tef na masu shakka ne, 'yar boko. Ni idona tef ne."

"To idon naka ya ba wannan kusurwa biyar."

"Ta biyar ɗin gyara ce. Ba a son gyara?"

Na ɗaga wani, dogo siriri kamar bandeji. "Wannan fa?"

"Na yaro mai dogon hanci. Ku a asibitinku kowa hancinsa iri ɗaya ne?"

A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki, inda ake auna abu sau biyu kafin a rubuta shi. Na zauna na ware ƙyallayen kashi uku: masu kama da hankici, masu gyaruwa, da waɗanda sai dai a goge keke da su. Ya janye kashi na biyu wai zai daidaita. Ya rage nan, can ya yi tsawo. Ya rage can, nan ya karkace. Kafin in ɗago kai babban cikinsu bai fi tafin hannuna ba.

"Na 'yan ajin reno ke nan," ya ce. "An gama da su."

Na ce to ya isa haka, ya ba ni wuri in hau keke. Na taka, ƙafar ta tafi fayau, allura ko motsi ba ta yi ba. Na leƙa ƙasa, babu igiyar keken. Ya nuna mini sama da baki. Ga igiyar can a ƙugiyar fanka, ya yanke ta ya ƙulla, injin buhu na lilo a jikinta a tsakiyar falo.

"Haka muke rataye shi a kamfani. Hannu ba ya gajiya."

Yana cikin bayanin yadda ake rataye inji na tattara arba'in ɗin Yaya na zuba a jakata, bai lura ba. A matakala na buga mata waya. Ina jin kukan jaririya da hayaniyar mata, muryar Yaya kamar za ta tashi sama don murna. Na yi mata barka, sannan na ce, "Yaya, mijinki fa yana taimakawa."

Can ta ce, "Ɓoye arba'in ɗin."

Na ce na riga na ɓoye.

Ranar Alhamis na tsaya kasuwa na sayo sabuwar igiyar keke. Tun daga ƙofar bene na jiyo ƙara, dar-dar-dar-dar, kamar ana fasa titi. Mai Guga, wanda teburinsa ke ƙarƙashin matakala, ya tare ni.

"Anti, lafiya kuwa a gidan yayarki? Tun safe gawayin cikin dutsena ke rawa. Na hau na ƙwanƙwasa, ya ce ba a shiga kamfani lokacin aiki."

Na hau. Na same shi cikin singileti, gumi na tsiyaya, ga tulin kaya a gaban ƙafarsa.

"Talatin cikin minti goma sha biyu! Kira yayarki ki gaya mata. Ita kwana nawa ta yi a kan arba'in?"

Na ɗauki ɗaya. Ya ninka shi biyu, ya ɗinke gefe, ya ɗinke gindi, ya ɗinke baki. Na ɗauki wani, haka yake. Talatin ɗin nan duka 'yan buhuna ne, rufaffu ruf, ko iska ba ta shiga.

"Miliyan, ta ina yaron zai sa hancinsa?"

Ya karɓa ya jujjuya. Na ga alamar shi ma yanzu ya gani. Hannun da ya yi shekara ashirin da takwas yana rufe baki ba ya iya ganin gefe biyu ya bar su a rabe.

"Da gangan na yi," ya ce. "Tsafta. Datti ba zai shiga ciki ba."

"Majinar ma ba za ta shiga ba."

"To ai shi ke nan, an huta da wanki."

Da ya ga ban yi dariya ba, ya ce, "Wannan ne ya dame ki? Dubi nan." Ya lalubi ƙarshen ɗinkin da farce, ya ja zare ɗaya, firrr, ɗinkin ya warware tas, ƙyallen ya buɗe. Ya ɗago kai yana jiran tafi.

Na dubi zaren da ke hannunsa. "In haka yake warwarewa, yaya za a yi in ya shiga hannun yara?"

"Wa zai warware? Wannan sirrin sana'a ne. Sai ka san ta wane ƙarshe za ka kama, da zaren da za ka ja. A duk garin nan mu uku muka sani. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma ƙauye."

Ya bi talatin ɗin ya warware su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da ƙarfi. Na ɗaga su a hasken taga. Allurar nan ta bar huji a jere, sama da ƙasa, kowanne ya koma rariya. Na duba teburin daga farko har ƙarshe, babu sauran ƙyalle mai lafiya ko ɗaya. Igiyar da na sayo na mayar da ita jaka.

Na ce masa abu ɗaya ya rage. Ranar Asabar mu kai arba'in ɗin Yaya, mu gaya wa shugaba gaskiya, mu roƙi ƙarin kwana uku.

"Matar Miliyan ta je taro da guntun aiki? Ba a gidan nan ba."

"To na roƙe ka, kada ka ƙara yin komai sai na zo gobe."

"Tunani kawai zan yi."

Abin da tunanin ya haifa na hango shi tun daga tsakar gida ranar Juma'a. Tagar falon Yaya a buɗe take wayam, babu labule. Daga cikinta wata doguwar sarƙa ta ƙyallaye shuɗɗa masu furanni tana saukowa a hankali ta jikin bango, hawa biyu, har kan teburin Mai Guga, wanda aka jawo fili daidai saitin tagar. Kowanne ya iso, Mai Guga ya danna masa dutse ya tura gaba.

Matar Direba, wadda tagarta ke kallon ta Yaya, ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora haɓa a kan hannu.

"Sannu da zuwa, ƙanwar gida! Zo ki ga sinima kyauta. Tun ƙarfe tara nake nan, ko tukunya ban ɗora ba."

Na hau da gudu. Wannan karon bai ninka su biyu ba, dole in ba shi wannan. Yana kalmashe bakin ƙyalle da yatsa, ya zagaye gefe huɗun da inji, sannan ba tare da ya yanke zare ba ya zarce kan na gaba, kamar buhuna a layi. Wanda ya gama ya bi ta taga.

"Me ya sa ba ka yanke zaren?"

"Ɓata lokaci! A kamfani sai mota ta cika ake neman wuƙa. Ga ɗinki a sama, ga guga a ƙasa. Kin taɓa ganin tsari irin wannan a asibitinku?"

"Ina labulen Yaya?"

"Yana kan aiki."

Daga ƙasa Mai Guga ya ɗaga murya, "Oga Miliyan, rage gudu! Hannu biyu gare ni!"

"Kamfani ba ya jiran mai guga!"

Matar Direba ta leƙo. "Baba Miliyan, wannan ba shi ne labulen da ta yi wata biyu tana saƙa wa geza ba?"

"Haske na da amfani ga lafiya. Ga 'yar asibiti nan, tambaye ta."

"In ta dawo, ka bar tagar haka don Allah. Ina son in gani da idona."

Ya juya zai mayar mata da magana, yatsansa na kan makunni. Yau riga ya sa mai faɗin hannu, tunda akwai 'yan kallo. Dar-dar-dar, injin ya haɗiye hannun rigar ya jera shi a layi, tsakanin na hamsin da biyu da na hamsin da uku. Mai Guga a ƙasa ya ji sarƙa ta tsaya, ya ɗauka maƙalewa ta yi a bango, ya tofa yawu a tafi ya ja da ƙarfinsa. Miliyan ya tafi taga da gudu, bai yi niyya ba. Na kama shi ta baya, Mai Guga ya ƙara ja, ɗinkin kafaɗa ya ce ɓarrr. Muka zube a kan kujera, hannun riga ya bi bango ya sauka shi kaɗai.

Hannun rigar ya isa teburin guga. Can muka ji muryar Mai Guga.

"Oga, shi ma a goge?"

Miliyan ya miƙe, ya leƙa da kafaɗarsa a waje. "Goge! Layi ba ya tsayawa!"

Matar Direba ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa don kada dariya ta faɗo da ita.

Kafin rana ta faɗi tamanin sun cika, har da guntun zanin gado da ya cike gurbi da shi. Na ɗauka an gama. Sai ya fito da wani kwali da ya huda haruffa a jiki, da kwalbar shuɗiyar tawada, da soso.

"Kaya ba ya fita kamfani babu tambari."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa. Na karanta: A AJIYE A BUSASSHEN WURI.

Na zaunar da shi na yi masa magana a hankali, dalla-dalla, yadda nake yi wa wanda zai sha magani sau uku a rana. Gobe zan zo takwas da rabi. Sarƙar nan za ta zauna a gida. Ni zan riƙe arba'in ɗin Yaya, ni zan yi magana, shi zai zauna a baya.

"Yadda kika ce, 'yar boko," ya amsa da murya mai sanyi.

Tun da nake da shi bai taɓa cewa yadda na ce ba. Ya kamata in gane.

Takwas da rabi daidai na iso. Mai Guga yana hura gawayi. "Ai tun bakwai ya fita, Anti. Ya sha rigar fita kunya, ga buhu a kafaɗa. Ya ce in kin zo in gaya miki manya sun yi gaba."

Zauren makarantar ya cika. Iyaye na zaune a kan kujerun yara, gwiwoyinsu a ƙirji, yaran kuma a kan tabarma a gaba. Tela na layin farko, ya ɗora samfurin kayan makaranta cikin leda a cinya. Shugaba na zaune a tebur, mace ce mai tabarau da ba ta yin dariya kafin azahar. Mijin yayata kuwa yana tsaye a gaban ƙarfen makirfo.

"Iyaye maza da mata, ni ba baƙo ba ne a harkar ɗinki. Maiɗakina tana hanya, amma da ni da ita duk ɗaya ne, sai dai ni na fi sauri."

Na lallaɓa ta jikin bango har wurin shugaba. Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Wannan wane ne?"

"Mijinta ne, ranki ya daɗe."

"Ita ta aiko shi?"

"Shi ya aiko kansa."

Na buɗe jaka zan fito da arba'in ɗin, amma na makara. Ya riga ya buɗe buhu ya fara zaro sarƙa. Ya zaro, ya zaro, ya ƙara zarowa. Yara suka hau tafi. Ya sa iyaye maza suka tashi suka riƙe ta a jere, ta bi bangon dama, ta zagaya baya, ta dawo ta bangon hagu. Ana cikin haka hannun riga ya fito daga buhu, a goge, da karinsa tsaf.

Shugaba ta nuna shi da biro. "Wannan na wane aji ne?"

"Na malamai ne, ranki ya daɗe. Kyauta."

Ta jawo hankicin da ke kusa da ita ta karanta tambarin a bayyane. "A ajiye a busasshen wuri. Malam, hankici ne fa."

"Shawara ce, ba dole ba."

Tela ya yi gyaran murya. "Oga, tambaya gare ni. Wannan ɗinkin da allura aka yi shi ko da mashi?"

"Da allurar maza. Kai naka ɗinkin kilo nawa yake ɗauka? Nawa hamsin, a jefa shi daga kan mota bai ce uffan ba. Ku biyun can, masu ƙiba, ku kama ku ja! Ku ja kamar kuna jin haushina!"

Mutum biyu suka kama nan da nan, suka turje, suka ja har jijiyar wuyansu ta fito. Sarƙar ba ta ko yi ƙara ba. Zaure ya ɗauki tafi. Miliyan ya buɗe hannu yana juyawa hagu da dama. Har shugaba sai da ta ɗan gyaɗa kai ta ce, "Ƙarfi dai akwai." Ni kaina na fara tunanin ko za mu fita da sauran mutunci.

"To a raba wa yara mu gani," in ji ta. "Ina almakashi?"

Miliyan ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, ya leƙa cikin buhu. Aka dubi Tela. Tela ya harɗe hannu a ƙirji ya ce ya bar nasa a shago, alhali ga mariƙin almakashin nan yana leƙowa daga aljihun gabansa.

A ƙarshen layi akwai wata tsohuwa da ta rako jikarta, wutsiyar sarƙar na kan cinyarta. Ta kawo ta kusa da ido ta duba.

"Ku bar wahalar almakashi. Wannan ai ɗinkin buhun shinkafa ne."

"Iya, kada ki wahalar da kanki," in ji Miliyan ta lasifika. "Wannan sirri ne na..."

Firrr.

Na farko ya saki ya faɗi ƙasa, bakinsa a warware. Na biyu ya bi shi. Tsohuwa ta ga zaren bai ƙare ba, ta ci gaba da ja hannu bayan hannu, tana cewa, "Ikon Allah, wannan buhun ba shi da ƙarshe?" Mata suka taso suna leƙe. "Ai ta nan ake kamawa." "E mana, ta gefen da ya yi kitso." "Ni da haƙori ma nake yi."

Na matsa kusa da shi. "Ka ce ku uku ne a garin nan."

"Wani ya fitar da sirrin kamfani!"

Hannun tsohuwa ya gaji, ta saki zaren a ƙasa, yara suka yi caa a kansa. Ɗari da ashirin ne, kuma babu wanda ya kai shekara shida. Suka kama suka zuba da gudu. Ƙyallaye suka riƙa zubowa daga bangon hagu, zuwa baya, zuwa bangon dama, iyaye maza na tsaye kowa da tsumma ɗaya a hannu yana kallonsa. Zaure ba shi da faɗi, don haka yaran suka hau zagaye, kuma abin da ke tsakiya shi ne Miliyan da ƙarfen makirfo. Zagaye na biyar ya haɗa hannayensa da cikinsa. Na goma ya manna shi da ƙarfen, bakinsa daidai kan makirfo.

"Ku tsaya! Kai, mai jan takalmi! Kayan kamfani ne!" Har bakin titi ana ji.

A haka Yaya ta shigo, da jakar tafiya a hannu.

Malamai suka kama yara. Ta tako a hankali cikin tsummoki, ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta daɗe tana kallon furannin jikinsa.

"Malam."

"Na'am," lasifika ta amsa. "Sannu da hanya. Ya mai jego?"

"Labulena ne wannan?"

"Wani ɓangare nasa."

Shugaba ta miƙe tsaye. "Malama, na ba ki aikin nan ne don an ce mini ke mai tsari ce. Abin da na gani yau ya ishe ni." Ta juya wajen Tela, wanda ya riga ya tashi yana kwance ledarsa.

Yaya ba ta roƙi kowa ba. Ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba, na ɗora mata arba'in ɗin, ta jera su a kan teburin shugaba. Sannan ta jawo kujerar yara ta zauna, ta fito da allura da zare daga jakarta.

"Tela, ara mini almakashin da ke aljihunka."

Tela ya dubi aljihunsa kamar yau ya fara ganinsa. Mutane suka yi dariya, ya miƙa.

Ta daidaita ƙyallen labulen gefe huɗu, ta kalmashe baki sau biyu da farce, ta fara bi da allura, ƙanana ƙanana, ba gaggawa. Shugaba ta ɗauki ɗaya cikin arba'in ɗin ta juya bayansa, ta ɗaga shi a haske, ta ja saƙar gefen. Ta ajiye ta ɗauki wani. Iyaye mata suka matso suna karɓa hannu zuwa hannu. Babu wanda ya tuna a kwance Miliyan.

Da Yaya ta gama ta ƙulle zare ta yanke, ta miƙa wa tsohuwar nan.

"Iya, warware mini wannan."

Tsohuwa ta lalubi gefe huɗun da farce. Ta juya shi, ta sake bi. Ta sa haƙoran da suka rage mata. Can ta mayar. "'Yar nan, wannan sai dai a sa masa wuta."

Shugaba ta zauna, ta cire tabarau ta goge shi da hankicin Yaya, ta mayar.

"Da na yi niyyar ba ki duka. Yanzu ba zan iya ba, iyaye sun ga abin da suka gani. Kayan maza na Tela ne. Kayan mata da hankici naki, zango ɗaya na gwaji. Sauran tamanin ina son su nan da mako guda."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Ban gama ba. Akwai ɗaki kusa da ofishina, a nan za ki kawo kekenki ki yi aikin. Yana da makulli." Ta ɗaga murya. "Maigadi! Ka ga fuskar bawan Allahn nan?"

"Na gan ta, ranki ya daɗe."

"Riƙe ta da kyau."

Da almakashin Tela na yanke zaren da ke jikinsa. Muka fito mu uku, Yaya a gaba, ni a tsakiya da jakarta, shi a baya yana cire guntayen zare daga rigarsa. Ba mu kai kwanar titi ba ya matso.

"Kun gani ko? Aiki ta je nema, na samo mata har da ofis. Da hankici kawai aka kai, wa zai ba ta ɗaki mai makulli?"

Yaya ba ta waiwaya ba. Ta ce da ni, "Gaya wa mijin yayarki, rabin aikin da na yi shekaru ina jira yana hannun Tela. Kuma gobe da safe shi zai kai kekena makaranta. A ka."

Na juya na gaya masa, duk da ya ji.

"Ai an ce kada in shiga ƙofar."

"Gaya masa ya sauke a bakin ƙofa, maigadi zai karɓa."

Na ƙirga, taku goma sha ɗaya ya yi bai ce komai ba. A na goma sha biyu ya yi gyaran murya.

"Keke ai ba nauyi gare shi ba, sanin kan kaya ne. Akwai wata dabara da muke yi a kamfani..."

Ni da Yaya muka haɗa baki: "A ka."